Shara a Magudanar Ruwa: Daga Kwatocin Manchok zuwa Kogi

Magudanar ruwa, wato kwata ko lambatu, hanya ce da ake haƙawa ko ginawa a gefen titi domin ta kwashe ruwan sama ta fitar da shi daga gari kafin ya ci titin ko ya faɗa gidaje. Aikinta ke nan, ba ta da wani. A garuruwan kudancin Kaduna irin su Manchok da Kagoro da Kafanchan da Zonkwa, galibin magudanan a buɗe suke, kuma ruwansu ba ya bi ta wata matata kafin ya fita gari. Kwatar da ta taso daga bakin kasuwa takan haɗu da ta bakin tasha, su ratsa ta ƙarƙashin kwalbati, su zube a wani kwari da ke bayan gari, kwarin kuma ya miƙa wa rafi. Don haka duk abin da aka jefa a kwata, a rafi aka jefa shi, illa dai zai jira ruwan sama na gaba ya kai shi.

Yanayin ƙasar wannan yanki ya sa lamarin ya fi tsanani fiye da yadda ake zato. Manchok, fadar masarautar Moro'a a Ƙaramar Hukumar Kaura, tana gindin tsaunukan Filato ne, a kan hanyar da ta taso daga Kafanchan ta bi ta Kagoro ta haura Jos. Layin dogon da ya mai da Kafanchan babbar mahaɗa tun 1927 shi ma ta nan ya bi ya hau tudu. Iskar damina mai ɗauke da laima tana karo da duwatsun Kagoro da gangaren Filato, sai ta sauke ruwa mai yawa. Damina kan kama daga Afrilu har Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa yana kaiwa wajen milimita 1,500, wato ya ninka abin da Sakkwato ke samu. Ga yawan ruwa, ga gangara. Ruwan da ya sauka a kan kwanon rufi da kwalta ba ya tsayawa ya nutse a ƙasa, da gudu yake wucewa, yana kwasar duk abin da ya tarar.

Yankin kuma mafarin koguna ne. Kogin Kaduna ya samo asali daga tsaunukan Filato, ya ratsa ƙasar Zangon Kataf, ya wuce birnin Kaduna da madatsar Shiroro kafin ya faɗa Neja. Rafukan da suka fuskanci kudu suna tattaruwa su shiga Kogin Mada, wanda ke ratsa Jihar Nasarawa ya zuba a Binuwai. Kogin Wonderful da ke kusa da Kafanchan, mai faɗowa a Matsirga, yana cikin wannan tsari na ruwa. Garin da ke zaune a kan mafarin kogi yana da wata dama da na ƙasa ba su da ita, domin ruwa yana iso masa da tsabta. Ƙazantar da aka gani a rafin da ya fita daga irin wannan gari, ba daga wani wuri aka turo ta ba.

Kwatanta wannan da Kano yana da amfani. A can ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan Jakara yana tafiya a hankali, baƙi ƙirin, yana ɗauke da dattin unguwanni da na mahauta, ga na masana'antun Bompai da rafin Getsi ke kawo masa, har ya isa madatsar Wasai. Wanda ya zuba shara a Jakara yana kwana yana tashi da warinta. A Manchok ko Kagoro kuwa, ruwan awa guda mai ƙarfi ya isa ya share kwata tas, gari ya waye kamar an yi aikin gayya. Wannan tsabta ta yaudara ce, kuma ita ce ta ɗaure wa ɗabi'ar gindi. Amsar da aka saba ji daga mai zuba shara a kwata ita ce, ai ruwa zai tafi da ita. Gaskiya ya faɗa, ruwa yana tafiya da ita. Inda yake kai ta ne ba a tambaya.

Ɗabi'ar tana da tushe a zamanin da shara ba ta da lahanin da take da shi a yau. Sharar gidan manomi a da toka ce da ɓawon doya da gwaza da dusar masara da acca da kashin awaki da kaji. Ana tara ta a juji a bayan gida, idan bazara ta yi a kwashe a kai gona. Juji dukiya ne, har rigima akan yi a kansa. Ɗan abin da ruwa ya ja kuwa ruɓewa yake yi. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 ne leda ta maye gurbin ganye da takarda da kwando, ruwan leda da ake kira piya wata ya bazu ko'ina, robar lemo ta kori kwalbar da ake mayarwa, daga baya kunzugun jarirai na zamani da robar zuba abinci suka biyo baya. Hannun da ya saba watsar da ganyen da aka ƙunshe alale a ciki bai canza ba, abin da yake watsarwa ne ya canza. Manomi ma ya fara gudun juji saboda ledar da ta cika shi, don haka tsohuwar hanyar da ke kwashe sharar gari zuwa gona ta yi rauni, ba a kuwa samar da wata a madadinta ba.

Abin da ke shiga kwata ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya fi bayyana ne ya fi cutarwa ba. Leda ce ido ya fi gani. Ba ta ruɓewa cikin shekaru masu yawa, sai dai rana da gogayyar duwatsu su farfasa ta zuwa ƙananan ɓurɓushi da kifi ke haɗiyewa. Shanu da awaki na cin ta a bola da bakin rafi, kuma mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin dabbar da ta rame ba a san dalili ba. Amma babbar illarta ita ce toshewa. Leda guda ta maƙale a bakin kwalbati, ta tare kara da tsumma, su kuma su tare yashi, kafin a ankara an sami madatsa a inda aka gina hanyar wucewa.

Najasa ta fi leda haɗari nesa ba kusa ba. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a Najeriya. A cikin gari, inda babu daji kusa, wannan yakan zama bahaya a leda a jefa kwata da dare, ko zubar da fo ɗin yara a rariya. Akwai gidajen haya da suka haɗa bututun banɗaki kai tsaye da kwata don gudun kuɗin haƙa ramin tsotse ruwa, akwai kuma masu yasar masai da kan juye abin da suka kwaso a kwari mafi kusa. Kunzugun jarirai ya ƙara wa matsalar nauyi, domin ya haɗa illa biyu a ƙunshi ɗaya: robar da ke toshe hanya da kashin da ke ɗauke da cuta. Kashin yaro kuwa, duk da ana raina shi, yakan fi na babba yawan ƙwayoyin gudawa.

Sai ruwan mahauta da na wuraren kiwo. Jini da abin cikin tumbi da ruwan wanke hanji suna ruɓewa, sai dai ruɓewar ce matsalar. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da su suna shanye iskar da ke narke cikin ruwa, wadda kifi da sauran halittun rafi ke numfashi da ita. Idan abin ya yi yawa ruwan ya koma baƙi, ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ya mutu ko ya ƙaura. Da rani lamarin ya fi muni saboda babu isasshen ruwan da zai sirka shi. Wannan yanki na kiwon alade ne, kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan tana cikin mafi girma a ƙasar nan, don haka ruwan wanke garke, na alade ne ko na kaji ko na shanu, ba ƙaramin kaso ba ne na abin da kwata ke ɗauka. Haka ma ruwan jiƙon rogo da dusar da ke fita daga wuraren dafa burkutu.

Akwai rukunin da yawansa bai kai na sauran ba amma gubarsa ta daɗe. Baƙin mai da makanikai ke juyewa daga injin mota da babur da janareto shi ne kan gaba. Yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana iska shiga, yana kuma ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa masu guba. Ƙiyasin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana ambata shi ne, lita guda ta irin wannan mai tana iya ɓata lita miliyan guda ta ruwan sha. Ruwan tsohon batirin mota da ake tsiyayarwa a ƙasa yana ɗauke da dalma, kuma abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400, ya isa ya nuna abin da wannan ƙarfe ke yi wa jikin yaro. Ga magungunan feshi na kashe ciyawa da ƙwari, waɗanda amfani da su ya yawaita a gonakin masara da citta; ana wanke tankin feshi a kwata ko a bakin rafi, a kuma yar da robar a nan. Ga allurai da audugar ƙananan asibitoci da shagunan magani. Yashi da ɓaraguzan gini da ake jibgewa a bakin titi ba guba ba ne, amma su ne suka fi saurin cike kwata.

Hanyoyin da wannan datti ke bi ya dawo wa mutane gajeru ne. Ruwan farko na damina shi ne mafi ƙazanta, domin yana wanke tarin watanni biyar ko shida na rani a lokaci guda. A daidai wannan lokaci rijiyoyi sun ja baya, mutane da yawa sun dogara da rafi wajen wanki da wanka, wasu har da sha. Ƙauyukan da ke ƙasa da gari da makiyayan da ke shayar da dabbobi su ne suke fara karɓa. Masu lambu a fadama suna ban ruwa da shi, kuma latas da kabeji da tumatir da yalo ɗanye ake cin su, su koma kasuwar da dattin ya fito. Rijiyoyin gida a nan ba su da zurfi sosai, ruwansu yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke kusa da saman ƙasa. Kwatar ƙasa ko wadda simintinta ya tsage tana tsiyayar da ruwanta a hankali zuwa wannan shimfiɗa. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma kwatar da ke ɗauke da najasa sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninta da bakin rijiya, ba wanda ya lissafa ta. Ko ruwan famfo bai tsira ba. Bututun da ya bi ta cikin kwata, idan ya huje, yakan zuƙi ruwan datti duk lokacin da aka ɗauke ruwa. A matatar ruwa kuma, gwargwadon dauɗar ruwan da aka janyo daga kogi, gwargwadon alam da kulorin da za a kashe a kansa.

Cututtukan da ke biyo baya sanannu ne: gudawa, atuni, taifot, ciwon shawara da ake ɗauka ta ruwa, da kwalara. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, mafi yawa a jihohin arewa. Batun sauro yana buƙatar ɗan bayani, domin akan cakuɗa shi. Sauron da ya fi son baƙin ruwan kwata shi ne nau'in da ake kira Culex, mai hana barci, wanda a wasu wurare yake yaɗa tundurmi. Sauron zazzaɓi, Anopheles, ya fi son ɗan kwantaccen ruwa marar dauɗa sosai da rana ke bugawa. Toshewar kwata tana ciyar da su duka biyu: na farko a cikinta, na biyu a cikin tabkunan da ruwan da ya yi ambaliya ya bari a gefen hanya da filaye.

Ambaliyar cikin gari ita ce illar da hukumomi suka fi maida hankali a kai, saboda ita ake gani da ido. Ruwan da ya rasa hanya yana hawa titi ya ɓanɓare kwalta, ya zaizaye gindin katanga, a kan gangara kuma ya tsaga kwazazzabo. A Accra, babban birnin Ghana, ambaliyar ranar 3 ga Yuni 2015 ta haɗu da gobara a wani gidan mai, mutum kusan 150 suka mutu, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin dalilan da aka fi ambata. Bangladesh ta haramta siririyar leda a 2002 bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyar 1988 da 1998. Ƙaramin gari ba ya ganin asara mai wannan girma, amma titin da aka gina don ya daɗe yakan lalace tun kafin lokacinsa. Shirin sabunta birane da gwamnatin Kaduna ta ƙaddamar a 2019 ya kai ga Kafanchan, an yi sababbin tituna da kwatocin siminti. Kwata mai kyau kuwa tana da fuska biyu: tana kare titi, tana kuma isar da datti rafi da sauri fiye da tsohuwar ta ƙasa.

Ta fuskar doka babu giɓi mai yawa. Jibge gubar masana'antu da aka kawo daga Italiya aka ajiye a garin Koko a 1988 shi ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, ta kuma yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba. A 2007 aka kafa NESREA, wadda ƙa'idojinta na 2009 kan tsabtar muhalli da sarrafa shara suka hana zubar da shara a titi da magudanar ruwa. Jihar Kaduna tana da tata hukumar, KEPA. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da magudanan ruwa na cikin gari a wuyan ƙananan hukumomi. A 2021 kuma aka kafa hukumar kula da birnin Kafanchan, tare da takwarorinta na Kaduna da Zariya. Kafin duk waɗannan akwai duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da rariya, ya kai mai ƙazanta gaban alƙali, sannan aka yi tsabtar Asabar ɗin ƙarshen wata da ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 zuwa 1985.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da za a kai sharar. Motar shara, inda ma akwai ta, manyan tituna take bi. Gari kamar Manchok ya fi ƙarfin tsarin ƙauye, inda kowane gida ke da gonar bayan gida, bai kuma kai girman da kamfanin kwasar shara zai ga riba a cikinsa ba. Matar da ke ɗaki guda a gidan haya ba ta da juji ba ta da gona. Takan ba yaro bokitin shara ta ce ya kai bola, bola tana da nisa, kwata tana ƙofar gida, yaro kuma yaro ne. Mai shago yana share gabansa kowace safiya, tsintsiyarsa ta ƙare a bakin kwata. Ranar kasuwa ana watsewa da magariba a bar tarin ɓawon rake da lemo da leda, babu wanda aikin kwashewa ya rataya a kansa, duk da an karɓi kuɗin tikiti daga kowace rumfa. Tarar da aka ɗora wa irin waɗannan mutane ba tare da an ba su mafita ba, abin da take yi kawai shi ne mai da zubar da sharar daga rana zuwa dare.

Saboda haka kariya tana da jeri, kuma idan aka juya jerin ba ta aiki. Farko shi ne wurin tara shara kusa da gidaje, wanda ake kwashewa a ranar da kowa ya sani. Ba lallai sai da babbar mota ba. Baro da kura da babur mai ƙafa uku sun fi dacewa da lungunan da ba su da faɗi, kuma gidaje sun fi yarda su biya ɗan kuɗi a mako ga matashin unguwa da suke gani, a kan harajin da ba su san inda yake zuwa ba. Sharaɗin shi ne mai baron ya sami wurin juyewa da hukuma ta keɓe, nesa da rafi da fadama, in ba haka ba shi ma kwalbatin bayan gari zai nufa, a tara a wuri guda abin da dā yake warwatse. Wurin tarawar da aka bari ba a kwashe ba kuwa bola ce sabuwa.

Garin manoma yana da sauƙin da babban birni ba shi da shi. Mafi yawan sharar gida mai ruɓewa ce, kuma ana buƙatarta a gona, balle yanzu da takin zamani ya yi tsada. Idan gida ya ware leda da roba da gwangwani a buhu guda, sauran ya koma juji kamar dā, abin da ya rage a kwashe ya ragu ƙwarai. Ƙarfe da gorar ruwa da tsofaffin robobi suna da masu saye, 'yan gwangwan da 'yan bola jari suna bin su gida gida. Ledar piya wata ma ana narkar da ita a sake sarrafawa, sai dai ba ta da nauyi, kuɗin kai ta Kaduna ko Jos ko Kano yakan cinye ribar, sai an tara da yawa an matse. A nan ne ya kamata masu kamfanonin ruwan leda su ɗauki wani kaso na nauyin, tunda motar da ta kawo ruwa fanko take komawa. Ƙona leda, wanda gidaje da yawa ke ɗauka a matsayin tsabta, yana mai da gubar ne daga ruwa zuwa iska. Haramcin leda irin na Ruwanda a 2008 da Kenya a 2017, ko hana robar zuba abinci da Legas ta yi a 2024, mataki ne na gwamnatin jiha ko ta ƙasa, ƙaramar hukuma ba za ta iya shi ita kaɗai ba.

Masu sana'o'in da ke fitar da datti mai guba ba su da yawa, an kuma san inda suke, don haka nan ne ƙaramin ƙoƙari ke haifar da babban sakamako. Makanikai suna da ƙungiya, mahauta suna da sarkin fawa, direbobi da 'yan kasuwa suna da shugabanni. Duro guda a kowane gareji ya isa tara baƙin mai, wanda dama yana da masu saye. A mahauta, jini ana iya tara shi a dafa a shanya ya zama abincin kaji da kifi, abin cikin tumbi ya tafi ramin taki, ruwan wanki ya bi ta ramuka biyu ko uku ya kwanta kafin ya fita. Tankin feshi a gona ake ɗauraye shi, a fesa ruwan a kan gonar, a huda robar kada a mai da ita abin zuba mai ko ruwa. Tsohon batiri kuwa da ruwansa ya kamata a sayar da shi.

Yasar kwata ita ma tana da ƙa'ida. Lokacinta Maris ne, kafin ruwan farko, a maimaita a tsakiyar damina. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fito da laka da shara a jera su tsibi tsibi a bakin kwata, a ce mota za ta zo. Mota ba ta zuwa, awaki da ƙafafun mutane su baje tsibin, ruwa ya mayar da shi inda aka ciro shi. Yasa ba ta cika ba sai an kwashe a ranar. Masu aikin kuma suna buƙatar takalmin roba da safar hannu, saboda fasassun kwalabe da allurai. Ragar ƙarfe a bakin kwalbati da ramin tare yashi kafin kwata ta faɗa rafi suna kama kaso mai yawa, amma ragar da ba a share ta bayan kowane ruwa ita kanta toshewa ce. Rufe kwata da falankin siminti yana rage jefa shara, yana kuma ɓoye toshewa ya wahalar da yasa, sai idan an bar wuraren buɗewa a kan tazara. A ƙarshen kwata, barin fili mai ciyawa da gora da sauran tsirran bakin ruwa yana rage gudun ruwa ya tace laka. Gini ko noma har bakin gaɓa yana kawar da wannan matata ta Allah da ba a biyan ko kwabo a kanta.

Wanda zai sa a yi duk wannan ba lallai jami'in da ke zaune a Kaduna ba ne. A kudancin Kaduna maganar hakimi da dagaci da mai unguwa tana da nauyi, haka maganar da aka yi a coci ranar Lahadi ko a masallaci ranar Juma'a. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa da 'yan agaji da ƙungiyoyin ci gaban gari sun saba haɗa aikin gayya. Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne wanda ya ɗora wa kowane gida da kowane shago alhakin kwatar da ke gabansa, domin kwatar da ta zama ta kowa ba ta da mai ita. Jihar Jigawa, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, ta kai ga haka ne da haɗin hukuma da sarakuna da bibiya unguwa unguwa. Tara tana zuwa bayan an samar da wurin zubarwa, kuma ta fi tasiri idan ta fara da mai gidan hayar da ya sako bututun masai a kwata da mai tifar da ya juye ɓaraguzai a kwari, kafin ta kai ga yaron da aka aika da bokiti.

Kafin waɗannan matakai su kankama, gidaje suna iya rage abin da ke isa bakinsu. Rijiya tana buƙatar baki mai tsayi da murfi da daɓen siminti kewaye da ita, da guga guda da ba a ajiye shi a ƙasa. Idan ruwanta ya canza launi ko wari bayan ruwan sama, alama ce ruwan saman ƙasa yana shiga, sai a tafasa ko a sa kulorin kafin a sha. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Tafasawa da kulorin kuma ba sa cire dalma ko maganin feshi ko baƙin mai. Rijiyar da ke kusa da gareji ko wurin fasa batiri, gwaji a ɗakin bincike ne kaɗai zai nuna ko ruwanta ya shawu, kuma an fi samun sahihin sakamako idan aka ɗebi ruwan sau biyu, a ƙarshen rani da kuma bayan ruwan farko na damina.